Kamu Huɗu a Tsohuwar Rijiya: Tunawa da Ƙanena Habu

A watan nan da muke ciki, shekara talatin ke nan cif da rasuwar ƙanena Habu, wanda mutanen garinmu suka fi sani da Habu Mai Awo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ne babba, na ba shi shekara bakwai. Tun da na ga ƙarfina ya fara ja da baya, na ce gara in ba masu karanta wannan jarida labarinsa tun ina iyawa, musamman labarin wata bazara da ya hana mu tashi daga garinmu. Bai yi faɗa da kowa ba, bai roƙi kowa ba. Da sanda da takarda da fensir ya yi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Ƙasar rairayi ce, gero da wake suna yi idan Allah ya ba da damina, amma ruwan sha yana can ƙasa, sai an zura igiya gaba ashirin kafin guga ya taɓa shi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san abin da nake faɗi. A wurinmu rijiya ita ce gari. Ranar da ta ƙafe, ranar aka fara ɗaure kaya.

Kafin in shiga labarin Habu sai na faɗi nawa, don kada mai karatu ya ɗauka taurin kai ne kawai ya sa na yi jayayya da shi. A babbar yunwar nan da aka yi 'yan shekaru bayan zuwan Turawa, mahaifinmu ya ƙi tashi. Kullum cewa yake a ƙara haƙuri kwana biyu. Muka yi ta ƙara haƙuri har jakunanmu suka mutu, sannan muka fita a ƙafa, babu abin hawa babu guzuri. Bai kai Gagarawa ba. Ni na haƙa kabarinsa a gefen hanya da guntun fartanya, kuma har yau ban iya gane wurin ba. Daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari, idan irin haka ta sake tasowa, zan kwashe iyalina tun dabbobi suna da ƙarfin ɗaukar su.

Habu ba ya nan aka yi wannan. Tun kafin yunwar ya bi masu awon gonaki, yana ja musu sarƙar awo. A cikinsu wani malami ya ga yana da kai, ya koya masa boko da lissafi, daga baya aka tafi da shi Kano ya koyi zana taswira. Ya fi shekara goma a can. Da ya dawo, ya dawo ne da tari wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa, da wani akwatin kwano cike da takardu masu zane gida-gida, kamar an shimfiɗa raga a kansu. Mutane ba su saki jiki da shi ba, don a lokacin manomi ba ya ƙaunar ganin mai awo a bakin gonarsa. Shi kuwa bai damu ba. Ya karɓi gonar mahaifinmu ta gabas, yana nomansa, ba ya yawan magana.

A shekarar da nake ba da labari damina ta ɗauke da wuri. Tafki ya ƙafe tun ba a gama kai amfani gida ba. Muna da rijiya biyu: sabuwa a cikin kwari, wadda ba ta da zurfi kuma mata suka fi so saboda sauƙin ja, da tsohuwa a gindin tsamiya, wadda kakanninmu suka haƙa. Da bazara ta shigo, kafin la'asar duk biyun taɓo guga ke fitowa da shi. Hankalin kowa ya tashi. Matata Hansatu tana da tsohon ciki, Inna mahaifiyarmu kuma ba ta iya taku goma ba tare da sanda ba.

Aka taru a ƙofar Bulama, wato mai garinmu. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce a tashi a yi kudu tun yanzu, kada a maimaita abin da aka yi a baya. Yawancin dattawa suka goyi bayana, ko da yake kowa ya san abin da tashi ke nufi: idan ruwan farko ya sauka ba ka kusa da gonarka, ka rasa shukar bana, kuma ba kowane tsoho ko mai ciki ne zai kai inda za a ba. Ana shirin shafa fatiha sai Habu ya yi gyaran murya daga baya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. A cikinmu wa ya taɓa auna ruwan rijiyar nan da asuba, kafin a jefa guga ko ɗaya?"

Babu wanda ya taɓa. Kowa ya san da safe ruwa ya fi yawa, amma nawa ne, kuma na yau ya kai na jiya ko bai kai ba, babu mai iya cewa. Habu ya roƙi kwana goma sha biyar, da sharaɗin kada kowa ya ja ruwa sai ya auna. Na ce masa a gaban jama'a, "Habu, Baba ma kwana biyu ya yi ta roƙo." Har yau idan na tuna wannan magana sai in ji nauyinta. Bulama dai ya ba shi kwanakin, ya ce kowa ya ci gaba da shirinsa.

Ga yadda ya yi. Ya samo doguwar sanda ya yi mata tsaga kamu-kamu, ya ɗaura mata dutse a gindi, ya ɗaure ta a bakin igiya. Da an idar da sallar asuba sai ya zura ta har ta taɓa ƙasan rijiya, ya jawo, ya duba inda jiƙa ta tsaya. A kan takardarsa mai gida-gida ya ja layi biyu. Ɗaya a kwance a can ƙasa, kowane gida a kansa kwana ɗaya ne. Ɗaya a tsaye a gefen hagu, kowane gida a kansa kamu ɗaya ne na ruwa. Idan ya auna, sai ya bi layin ƙasa zuwa ranar da ake ciki, ya hau sama gwargwadon ruwan da ya samu, ya ɗiga ɗigo. Kowace rijiya da takardarta.

Ni ina zuwa kullum, ba don in taimaka ba, don in ga ranar da zai gane kuskurensa. Da aka kwana bakwai ya haɗa ɗigogin da fensir, ya kai wa Bulama, ni ma ina zaune. Layin sabuwar rijiya ya fara daga sama ya yi ta gangarowa kamar hanyar kwari. Ko wanda bai san boko ba ya ga inda ya dosa. Habu ya aza tsinke a kansa ya bi gangaren, ya ce nan da kwana goma za ta ƙafe, kada a sa rai da ita. Na tsohuwar rijiya kuwa ya miƙe sambal daga hagu zuwa dama, bai hau ba bai sauka ba.

Bulama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Habu, wannan ai ya kwanta. Abin da ya kwanta ba ya motsi, ba mutuwa ya yi ba?"

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba inda ya kwanta. Da a kan layin ƙasa ya kwanta, da rijiya ta mutu, don can ne babu. Amma ga shi gida huɗu sama da can. Ɗora yatsanka a kan kowace rana ka ga dama, Lahadi ko Laraba, ka hau sama, kamu huɗu za ka tarar. Abin da muka kwashe da rana, kafin gari ya waye ta mayar da shi. Taɓon da muke gani da la'asar gajiya ce ta wuni, ba ƙafewa ba ce."

Bulama ya sa yatsa ya gwada sau uku, a wurare dabam-dabam. Na ga fuskarsa ta saki. Ni tawa ba ta saki ba. Na ce kwana bakwai ba bazara ba ce.

Bara na je Gumel wurin ɗana Musa, wanda ke koyarwa a makaranta. Shi ne cikin da Hansatu ke ɗauke da shi a waccan bazara. Na tsaya a bakin taga ina jiran ya tashi aji, sai na ga ya ja layi biyu a kan allo da alli, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Na kwancen ya kira shi x, na tsayen ya kira shi y. Ya ja wani layi a miƙe daga hagu zuwa dama, ya ce wa ɗalibansa wannan layi ba shi da gangare, ko ina x ya je, y yana nan inda yake. Suka maimaita da ƙarfi. Ban taɓa sanin abin nan yana da suna a littafi ba, ni a wurina dabarar Habu ce.

Na yi ta tunanin abin da Habu zai ce da yana tsaye a gefena. Na san zai yi murna, don a zamaninsa duk ƙasar nan waɗanda suka iya wannan zane ba su da yawa, yau ga aji guda na 'ya'yan manoma suna yi. Amma na san halinsa. Zai jira a tashi, ya ja Musa gefe ya tambaye shi a hankali, wannan y ɗin na mene ne? Ruwa ne, ko hatsi, ko zafin jikin majiyyaci? Habu bai yarda da layin da ba a san abin da yake aunawa ba. Na faɗa wa Musa haka a kan hanyarmu ta gida. Ya yi dariya, amma ya ce in sake ba shi labarin rijiyar daga farko, kuma na ji an ce yanzu da ita yake buɗe darasin.

In koma baya. A rana ta goma sha ɗaya sandar ta fito da jiƙa kamu uku. Ina tsaye na gani da idona. Habu ya sake zurawa, ya sake jawowa, uku dai. Babu kowa a wurin sai ni da shi, kuma da ya ɗiga ɗigon a gida na huɗu, in na yi magana cewa za a yi ƙiyayya ce. Ya ɗiga shi a gida na uku. Ya naɗe takardarsa ya nufi ƙofar Bulama da ƙafarsa, ya nuna masa.

Kafin hantsi labari ya gama gari. Gida biyu suka ɗaure kaya suka fita a ranar. Ni ma na fito da takarkarina, na ɗaure buhunan gero, na shirya wa Inna wurin zama a kan jaki. Hansatu ce ta dawo daga ɗiban ruwa ta ce ta ga sawun raƙuma da kashinsu sabo a bayan tsamiya, da alama wani ayari daga Damagaram ya ratso ya shayar kafin mu fito masallaci. Mutane suka ruga suka gaya wa Habu, suna murna an sami dalili. Shi bai yi murna ba. Ya ce, "Wataƙila raƙuman ne, wataƙila ba su ba ne. Ni ban gan su suna sha ba. A sa mutum ya tsare rijiyar, gobe da jibi za su gaya mana."

Da yamma ya shigo gidana, ya tarar da kaya a ɗaure a tsakar gida. Ya gaida Inna, ya zauna a kan turmi yana tari. Ya ce, "Yaya, safiya biyu nake roƙo. Kada ka kwance kayanka, bar su a ɗaure." Na dubi Hansatu, ƙafafunta sun kumbura, ta jingina da bango tana numfashi da ƙyar. Na ce masa safiya biyu, ba uku ba.

Washegari kusan duk gari aka taru a gindin tsamiya, har matan da ba su saba fitowa ba suna leƙe daga nesa. Ya zura igiyar. Ban taɓa jin jan igiya ya yi tsawo kamar na ranar ba. Da sandar ta fito, Bulama ya karɓe ta da hannunsa ya ƙirga tsagar da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Jiƙa ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa. Wani dattijo ya fara hamdala, sauran suka ɗauka. Ni kuwa na zauna a bakin komin da ake shayar da dabbobi. Sai a lokacin na gane ashe ba tafiyar nake so ba, tsoron zama nake yi. Da aka sake aunawa a safiya ta biyu aka sami huɗu, na koma gida na kwance kayan da kaina. Inna ta ce, "Ilu, ka mayar mini da tabarmata inda take." Ban taɓa jin daɗin aike kamar wannan ba.

Habu bai bar mu muka saki jiki ba. Sabuwar rijiya ta ƙafe kusan ranar da ya faɗa, duk gari ya dawo kan tsohuwa. Sai ya ɗauko takardar ya ja wani layi a kwance, a gida na ɗaya, ƙasa da na farko. Ya ce wancan na sama rijiya ce ta zana shi, wannan na ƙasa mu za mu zana wa kanmu. Duk ranar da ruwa ya sauko zuwa kamu ɗaya, a rufe bakin rijiya da ƙaya sai gobe, kada guga ya riƙa kwasar yashi har gindinta ya rufta. Mutane su fara sha, sannan dabbobi bi da bi. An yi gunaguni, an yi 'yar hatsaniya sau ɗaya ko biyu, amma an bi. Tun daga nan har saukar ruwa, kowace asuba kamu huɗu ake samu, in ka ɗebe kwana biyu ko uku da ya ragu da faɗin yatsa.

Hansatu ta haihu a ɗakinta, Inna ta yi wa jaririn wanka da ruwan tsohuwar rijiya. Muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Ruwan farko ya sauka da hantsi wata ranar Alhamis, muna gona. Na tuna Habu ya cire hularsa ya rufe takardar da ke aljihunsa da ita, ya bar kansa a waje. Gidaje biyun da suka tafi, ɗaya ya dawo bayan an yi noman farko, aka taimaka musu da hatsi. Ɗayan sun zauna can kudu, har yau muna zumunci. Ban taɓa ganin laifinsu ba, don saura ƙiris in bi su.

Yau an gina mana rijiyar siminti, ma'aikata suna zuwa da mota su duba ta, su rubuta a littafinsu su tafi. Da Habu ya gani zai shafa bakinta ya yaba aikin, sannan ya tambaya ko a garin akwai wanda ya san abin da suka rubuta. Ina jin amsar ba za ta yi masa daɗi ba ƙwarai. Amma zai sami abin da zai faranta masa: har yanzu idan bazara ta tsananta, mutanen garinmu ba sa yanke shawara da la'asar. Sai a ce a bari a auna da safe. Matasan da ke faɗin haka yawancinsu ba su san daga ina maganar ta fito ba.

Shekara huɗu Habu ya ƙara bayan waccan bazara. Tarin ya ci ƙarfinsa a ƙarshen wata kaka. Bai bar ɗa ba. Akwatinsa na kwano yana ɗakina, amma gara ta shiga ta cinye takardun tun da daɗewa, tsohuwar rijiya kuma an cike ta da ƙasa bayan an gina ta siminti. Idan mutum ya zo neman abin da zai taɓa da hannu ya ce wannan na Habu ne, ba zai sami komai ba sai akwati wofi. Abin da ya rage shi ne garin kansa, da mutanen da aka haifa a cikinsa waɗanda da a wani wuri za a haife su, ko ba za a haife su ba sam. Sai kuma wannan rubutu da kuke karantawa. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na zauna a gaban ƙanena kamar ɗalibi, ya kama hannuna ya koya mini baƙaƙen boko a kan rairayin ƙofar gida. Bai taɓa yi mini dariya ba.

Abu ɗaya nake gode wa Allah a kansa fiye da sauran. Ban bari ya tafi da maganar nan da na yaɓa masa a ƙofar Bulama ba. Kwana uku kafin rasuwarsa ina zaune a gefensa da rana, na ce, "Habu, ka yafe mini abin da na faɗa game da Baba. Kai ne ka yi gaskiya, ni na yi kuskure."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya, ba ka yi kuskure ba. Ni ma ban san abin da rijiyar za ta ce ba sai da na tambaye ta. Da layin ya karkata ƙasa, wallahi ni zan fara ɗora Inna a kan jaki."

Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya zama sanadin shanmu. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.